Lokacin da gwajin jini ya riski biki a hanya: nazarin wani auren zumunci a Makka

Tun farkon shekarar 1425 ta Hijira, wato Fabrairun 2004, ma'azun, wato jami'in ɗaurin aure, ba ya rubuta wa ɗan ƙasar Saudiyya aure sai an ajiye masa takardar gwajin jini, ta namiji da ta mace. Da cututtukan gado biyu aka fara, sikila da talasimiya, a 2008 kuma aka ƙara ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C. Gwajin dole ne, amma bin abin da ya nuna game da ciwon gado ba dole ba ne. Idan aka ga haɗuwar mutum biyu na iya haifar da ɗa mai ciwo, sai a tura su wurin masu ba da shawara, a yi musu bayani, a sallame su. Hukuma ta gama nata ke nan, saura na gida.

Lamarin da ke tafe an tsara shi ne daga irin abin da gidajen Hausawan Makka ke fuskanta, kuma ba a saka sunan kowa ba.

Gidan da maganar auren

Kakan gidan ya iso Makka yana yaro tare da iyayensa, ta hanyar ƙasa da alhazan da suke bi: Barno, Chadi, Sudan, sannan a tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin. Ya samu takardar zama ɗan ƙasa, ya yi gida a wajen Shara Mansur, ya rasu ya bar matarsa, wadda kowa ke kira Hajiya. Haihuwarta takwas. Biyu sun koma tun ba su kai shekara biyar ba, kuma iri ɗaya suka yi: ido ya yi rawaya, bayan hannu da na ƙafa su kumbura, kukan dare ba ƙaƙƙautawa. A lokacin wasu sun ce shawara ce, wasu suka ce wabi.

Cikin shidan da suka rayu akwai maza biyu, wa da ƙane. Ɗan wan yana da shekara 27, yana aiki a wani kamfanin hidimar alhazai. 'Yar ƙanen tana da 22, tana shekarar ƙarshe a jami'a. Tun tana goye Hajiya ke kiran ta matar wane, aka yi ta wasa da maganar har ta zama gaske. Sai a lura cewa wannan ba auren dole ba ne. Yaran suna son juna, kuma wannan ne ya sa lamarin ya yi nauyi.

An kai shabka, wato kayan adon da ango ke ba amarya, an yanka sadaki, an biya kafin alƙalami na zauren biki, an sayi kayan ɗaki, an sanar da dangi na Jidda da Madina da Kano. Gwajin jini aka bari ƙarshe. Dalilin farko shi ne takardar wata shida kawai take aiki, don haka mutane kan jira sai rana ta matso. Dalili na biyu, ba wanda ya ɗauke ta a matsayin abin da zai iya sauya magana. Takarda ce kamar sauran takardun da ake nema a ofis. Saura mako uku milka, wato ɗaurin aure, sakamako ya fito: shi AS, ita AS.

Abin da takardar ke nufi

Kowane mutum yana da kwafi biyu na ƙwayar gadon da ke tsara himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini. Ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Lafiyayyen nau'in shi ne A. A nau'in S, wato na sikila, harafi ɗaya tak ya sauya a rubutun wannan ƙwayar gado. Idan iskar oksijin ta ragu, wannan himogulobin sai ya dunƙule, jar ƙwayar jini ta lanƙwashe ta yi siffar lauje, ta maƙale a ƙananan hanyoyin jini. Lafiyayyar ƙwaya takan yi kwana 120 tana aiki, ita kuwa wannan tsakanin kwana 10 zuwa 20 ta fashe. Daga nan ƙarancin jini yake, da rawayar ido, da ciwon ƙashin da ke sa babban mutum kuka.

Mai kwafi ɗaya na S, wato AS, ba marar lafiya ba ne. Hasali ma Anthony Allison ya nuna a 1954, daga aikinsa a gabashin Afirka, cewa mai AS ya fi jure wa zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Shi ya sa nau'in ya yawaita a ƙasashenmu. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ce kusan kashi 24 cikin 100 na 'yan Najeriya suna ɗauke da shi, kuma ana haihuwar jarirai wajen 150,000 masu ciwon a kowace shekara. Bahaushen Makka bai bar wannan gado a Sawakin ba. Matsakaicin masu ɗauke da shi a Saudiyya bai wuce kashi 4 da ɗoriya ba, amma lissafin da ya shafi gidan Hajiya na ƙasar kakanninsu ne.

Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi 25 na zama SS, kashi 50 na zama AS, kashi 25 na zama AA. A nan mutane suka fi tuntuɓe. Ba wai ɗa na huɗu ne zai zo da ciwon ba, balle a ce a haifi uku a tsaya. Kowane ciki sabuwar ƙuri'a ce da ba ta san ta baya ba. Ma'auratan da suka haifi huɗu, damar su tsira ba ko ɗaya mai SS ba ta kai ɗaya cikin uku ba.

Yaran Hajiya biyu da suka rasu su ma suna da abin faɗa. Idan sikila ce ta ɗauke su, kuma alamun sun yi kama da ita ƙwarai, to Hajiya da mijinta duk AS ne. Hakan na nufin kowane ɗansu da ya tashi lafiya yana da damar biyu cikin uku ta zama AS. Ina jin haushin yadda wasu masu wayar da kai ke ɗora laifin sikila kacokan a kan auren zumunci, alhali a al'ummar da mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da ita bare ma yana iya zama AS. Amma a wannan gida na musamman, haɗa jikoki biyu yana ƙara haɗarin sosai, kuma an shekara fiye da hamsin da alamar a gabansu ba wanda ya karanta ta.

Sirrin da bai kwana ba

A ƙa'ida sakamakon na mutum biyu ne. A aikace, yaron bai kai gida ba sai da ya kira mahaifiyarsa, ita kuma ta kira ƙanwarta don ta samu wadda za ta yi wa kuka. Kafin sallar isha magana ta shiga zauren WhatsApp na matan dangi, kuma ta shiga da wata kama: wai an samu matsala a jinin yarinyar.

Abu biyu suka lalace a wannan jimla. Sunan yaron ya fita daga ciki, alhali abin da ke jininta shi ne a nasa, ba ragi ba ƙari. Sannan tunda gwajin ya haɗa da ƙanjamau da ciwon hanta, wanda ya ji an ce "matsala a jini" ba lallai tunaninsa ya tafi kan sikila ba. Haɗa gwajin cututtukan da ake ɗauka da na gado a takarda ɗaya yana da sauƙi ga hukuma, amma yarinyar da aka fasa aurenta bayan gwaji ita ke biyan kuɗin wannan sauƙi da mutuncinta. Sai da mahaifinta ya ɗauki hoton takardun biyu ya tura wa dangi kafin ƙus-ƙus ya lafa. Wato don ya kare 'yarsa, dole ya tona sirrin ɗan wansa.

Zaman falon Hajiya

Hajiya ba ta ga abin tayar da hankali ba. Ta ce ita da marigayi ba wanda ya gwada su, ga 'ya'ya shida da jikoki sun cika gida. Biyun da suka tafi kwanansu ne ya ƙare. Aure ne na tuwona maina, ta ƙulla shi tun tana da ƙarfi, ba za ta ga an kwance shi saboda takardar likita ba.

Ba ita kaɗai ke da irin wannan ra'ayi ba. A shekara biyun farko na shirin an gwada mutum 488,315, kuma cikin waɗanda aka gaya wa haɗuwarsu na da haɗari, kusan tara cikin goma sun yi aurensu. Sai a hankali abin ya juya. Binciken da Ziad Memish da abokin aikinsa suka fitar a 2011, kan mutum sama da miliyan ɗaya da rabi, ya nuna masu fasawa da kansu sun tashi daga kashi 9.2 a 2004 zuwa kashi 51.9 a 2009. Ko a lokacin, kusan rabi ba su fasa ba, kuma daga dalilan da aka fi ji akwai cewa shiri ya riga ya yi nisa.

Wan, mahaifin yaron, ya kawo hujjar da ta fi ta Hajiya ƙarfi a ido. Ya ce ya yi aiki da wani mutumin Ƙaɗif mai sikila, ya haura hamsin, yana da mata da 'ya'ya, bai fi ya kwanta asibiti jefi-jefi ba. Gaskiya ya faɗa, sai dai ba ta shafe su ba. Sikilar gabashin Saudiyya, ta Ƙaɗif da Ahsa, tana tafe da wani tsarin gado da ake dangantawa da Larabawa da Indiya, wanda ke barin himogulobin na jarirai da yawa a jini har girma, shi kuma yana rage lanƙwashewar ƙwayoyin. Ta yammacin Afirka, wadda ake kira nau'in Benin, ba ta da wannan rangwame, kuma ita ce ake samu a Jazan da kudu maso yammacin ƙasar. Wata jikar Hajiya da ke aikin jinya ce ta yi wannan bayani. Ta ce, "Baffa, ka zo ɗakin yara wata rana ka ga namu irin, sannan ka yanke." Ta gaya musu cewa idan ba a sa ido ba, wajen yaro ɗaya cikin goma mai SS yana samun shanyewar ɓarin jiki kafin ya kai shekara ashirin.

Ita ma ba ta ɓoye ɗaya ɓangaren ba, kuma na yaba mata. Yaron da aka haifa da SS a Makka yau ba irin wanda Hajiya ta binne ba ne. Akwai fenisilin kullum har shekara biyar, da alluran riga-kafi, da maganin haidiroksiyuriya mai rage yawan tashin ciwo, da hoton jijiyoyin kai don hango shanyewar jiki tun kafin ta zo, da ƙarin jini. Inda ake samun wannan kulawa, fiye da tara cikin goma suna girma. Ɗan ƙasa kuma ba ya biya a asibitin gwamnati. Mai sikila yana karatu, yana aiki, yana aure, kuma duk maganar da za ta sa ya ji kamar haihuwarsa kuskure ce ba ta da wuri a wannan muhawara. Amma rayuwa ce ta kwana asibiti da fargabar zafin Makka, inda rani ke haura digiri 45 kuma ƙishirwa kaɗai na iya tayar da ciwon.

Da magana ta koma kan ƙaddara, ƙanen ya tuna wa wansa labarin Sayyidina Umar, lokacin da ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, aka ce masa gudun ƙaddarar Allah yake, ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Wan ya ce ai malamai ma ba su yarda a mai da gwaji sharaɗin aure ba. Nan ma yana da madogara. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmi ta Duniya, a zamanta na 17 a nan Makka cikin Disambar 2003, ta ce bai halatta a tilasta gwaji a ɗaure rubuta aure da shi ba, ko da yake ta yi kira a wayar da kai, a ƙarfafa yin sa, a kuma riƙe sirrin sakamako. Wata biyu bayan haka dokar ta fara aiki. Wasu malaman sun ga shugaba na da ikon wajabta shi don maslahar jama'a. Tsarin da aka ƙare da shi, a gwada dole amma kar a hana aure, ya yi kama da sulhu tsakanin ra'ayoyin biyu. Jihar Kano ma ta bi sahu a 2024 da dokar gwaji kafin aure.

Hanyoyin da ke tsakanin fasawa da rufe ido

Yaron ne ya fi naci a kan neman mafita ta uku, kuma akwai su, sai dai kowacce da ƙayarta.

Ana iya gwada ɗan tayi tun ciki na mako 10 zuwa 13. To in an ga SS fa? Majalisar Fiƙihun nan ta Rabiɗa ta yanke a 1990 cewa ana iya zubar da ciki kafin kwana 120 idan kwamitin likitoci amintattu ya tabbatar da nakasa mai tsanani wadda ba ta da magani, kuma iyaye suka nema. Ko sikila ta shiga wannan siffa, alhali ana kula da ita har a girma, abu ne da ake saɓani a kai. Ga kuma mazhabar Malikiyya da gidan ya tashi a kai, wadda mashahurin zancenta hani ne tun kafin kwana arba'in. Yarinyar ta rufe wannan ƙofa da kanta.

Hanya ta biyu ita ce haɗa ƙwai da maniyyin ma'aurata a ɗakin gwaji, a duba gadon kowane ɗan tayi, a dasa wanda ba SS ba. Ana yin wannan a Saudiyya, ciki har da Asibitin Ƙwararru na Sarki Faisal da ke Riyad, kuma malamai sun halatta dashen matuƙar tsakanin miji da mata ne. Amma kowace haihuwa sai an bi ta allurai da cire ƙwai, ba kowane dashe ke kamawa ba, kuma dole a yi ta tsare ciki tsawon shekarun aure. Duk wannan a jikin macen zai sauka. Yaron yana lissafa shi a matsayin mafita, ita tana jin sa a matsayin shekara ashirin na rayuwarta.

Sai warkarwa bayan an haifa. Dashen ɓargo yana warkar da sikila, amma ya fi kyau da ɗan'uwa shaƙiƙi wanda jikinsu ya dace, kuma damar dacewar ɗaya cikin huɗu ce ga kowane ɗan'uwa. Maganin da ake share tsohon ɓargo da shi kan kashe haihuwa. Akwai kuma Casgevy, wanda ake gyara ƙwayoyin gadon majinyaci da fasahar CRISPR don jikinsa ya koma yin himogulobin na jarirai. Ingila ta amince da shi a Nuwambar 2023, Amurka a Disamba, Saudiyya a Janairun 2024, ga masu shekara 12 zuwa sama. Farashin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne, kuma shi ma sai an sha wancan magani mai share ɓargo. Ba abin da za a ɗaura aure a kansa ba ne.

Shawarar musanya

Da aka ga maganar na neman wargajewa, wata gwaggo ta kawo abin da take gani gyara ne: yarinyar tana da ƙanwa mai shekara 19, a kai ta a gwada, in AA ce a mai da auren kanta. Zaure na nan, kayan ɗaki na nan, zumunci bai taɓu ba. Hajiya ta ji daɗin shawarar.

Ta fuskar lissafin gado ba laifi, domin AA da AS ba sa haifar SS. Ta kowace fuska kuma ɓarna ce. Za a ɗebi jinin yarinya ba don lafiyarta ba, sai don a ga ko ta cike gurbi. Za a koya wa yayar cewa darajarta haruffa biyu ne. Hadisi kuma a fili yake cewa ba a aurar da budurwa sai da izininta, kuma izinin da aka karɓa a gaban kaka tana hawaye da zauren da aka riga aka biya, da wuya a kira shi izini. Abin lura, ba wanda ya ce a nemo wa yarinyar ƙanen yaron. Ƙanwar ce ta kashe maganar. Ta ce wa mahaifinta, "Baba, mijin Yaya ne. Ko jinina ya dace ba zan iya ba."

Yadda aka rabu

Kwana goma kafin ranar, yarinyar ta ce ta fasa. Ta bi 'yar'uwarta mai aikin jinya zuwa asibiti, ta zauna da wata uwa da ke jinyar ɗanta, ta dawo ba ta yi shawara da kowa ba. Yaron ya roƙe ta, ya ce shi ya yarda ko ba za su haihu ba. Ta ce yanzu yake faɗa.

An mayar da shabka. Kuɗin zaure ya tafi, wa da ƙane suka yi ta ja a kan wanda zai ɗauki asarar, har suka yi watanni gaisuwa kawai ke haɗa su. Kafin shekara ta zagayo yaron ya auri wata daga wajen dangi, mai AA, ba wanda ya tambayi nasa jinin sai a ranar gwaji. Ita kuwa mutum biyu sun turo, ɗaya ya janye da jin labarin, duk da shi AA ne kuma ba abin da zai sami 'ya'yansu. Mahaifiyarsa ce ta ce ba ta son jinin a zuri'arta.

A ganina ba gwajin ne ya jawo wannan ɓarna ba, lokacinsa ne. Da an san su AS ne tun suna makarantar sakandare, da wasan matar wane bai kai ga shabka ba. Bahrain ta fara gwada ɗaliban sakandare tun 1999, kuma haihuwar masu sikila ta ragu ƙwarai a can. Akwai kuma waɗanda ko gwajin makara ba ya riskar su: Hausawan da ke zaune a Makka da Jidda ba igama, wato takardar izinin zama, waɗanda ake ɗaura wa aure a gida ba a bi ta ma'azun ba, kuma su ne ba su da asibitin kyauta idan ɗa ya zo da ciwon.

Mai aikin jinyar ta lallashi iyaye a gwada sauran jikokin Hajiya tun suna ƙanana. Mafi yawa sun yarda, amma aka sake sabuwar jayayya a kan wanda zai riƙe sakamakon. Ƙanen yana so a faɗa a fili, kowa ya san na kowa, don kar a sake ƙulla abin da za a kwance. Matan gidan suka ƙi, suka ce sun ga abin da sani ya yi wa 'yarsu, kuma yarinya mai shekara tara ba ta ba kowa izinin yawo da sirrin jininta ba. Aka tsaya a kan kowace uwa ta adana takardun 'ya'yanta, in maganar aure ta taso a cikin dangi, iyaye mata biyu su fara haɗa takardu a tsakaninsu kafin maza su ji. Gwaggon da ta kawo shawarar musanya ba ta kai nata 'ya'yan ba.